Hannuwan 'Yar Fari

Tun da na dawo daga Kwatano bakina bai huta ba. Matan layinmu na Fagge da 'yan ajinmu na makarantar manya, duk wadda ta gan ni sai ta tare ni: "Maman Sani, yaya hanya? Da gaske ne mata suna hawa babur a can kamar maza? Me suke ci?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har na manta wa na gaya wa me. Malamarmu ce ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in zauna in rubuta shi gaba ɗaya kowa ta karanta da kanta. To ga shi. In kun ga wani wuri ya karkace ku yi haƙuri, da girma na koyi riƙe biro.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. Babbar 'yata ce take aure a can, shekara uku ke nan. Mijinta Malam Kabiru yana sayen atamfa yana turo wa 'yan kasuwar Kwari. Ita ce 'yar fari, don haka kun san ba na faɗar sunanta. 'Yar Hajiya nake ce mata, saboda mahaifiyata ce ta ɗauke ta tun daga yaye, a hannunta ta tashi har Allah ya yi wa Hajiyar rasuwa. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana.

Wata Laraba bayan la'asar Kabiru ya kira maigida a waya. Ina gefe ina tsinken zogale na ji yana cewa, "Baba, hannuwanta ne. Tun bayan haihuwa suke kumbura, yanzu ko ɗaukar yaron da ƙyar take yi. Ta hana ni faɗa, amma abin ya fi ƙarfina." Maigida ba zai iya barin shagonsa na kasuwar Singa ba. Ya dube ni, na sunkuyar da kai ina ci gaba da tsinke, kamar ba a kan 'yata ake magana ba. Ya ce, "Ki shirya." Na ce to. A raina kuwa na riga na isa tasha.

Allah ya taimake ni maƙwabciyarmu Iya Rashida tana shirin zuwa sarin kaya. Bayarabiya ce, amma a Fagge aka yanke mata cibiya, kuma hanyar Kwatano ta san ta kamar hanyar Rijiyar Lemo. Ita ta raka ni aka yi mini takardar tafiya da katin allurar shawara. Na haɗa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, da robar man shanu guda, da kilishi na suruki. Iya ta ga kayan ta ce, "Ƙawata, gaisuwa za ki ko tarewa?"

A Sabon Gari muka hau babbar motar Legas. Kafin a tashi wani mutum ya miƙe ya yi addu'a irin ta Kirista da ƙarfi, mu ma muka yi tamu a hankali. Yana zama wani ya tashi da jakar magani, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da ciwon baya da mantuwa. Kujerar da ke gefena ta wata 'yar Sabon Gari ce, Maman Emeka, za ta bikin kammala karatun 'yarta. Hausarta ta fi ta wasunmu. Kafin Zariya mun san sunayen 'ya'yan juna.

Wajen Kaduna ne na ji ƙafata tana santsi a cikin takalmi. Ashe zafin ƙasan motar ya narkar da man shanun, murfin ya saki, ya bi ta ƙarƙashin kujera ya jiƙa jakar Maman Emeka. Na rasa inda zan sa kaina. Na ba ta haƙuri, ta buɗe jakar ta ga kayan bikin suna cikin leda babu abin da ya same su, ta shinshina hannunta ta yi dariya.

"Mama, bar shi. Yanzu in na shiga Legas kowa zai san daga gidan arziki na fito."

Amma ni na kasa bari. Ina goge ƙasan motar da tsumma ina cewa, kai ni dai sakarya ce, mace kamar ni a ce ɗaure murfi ya gagare ta, wane irin rashin hankali ne wannan. Iya Rashida ta leƙo daga kujerar baya.

"Maman Sani, mai jaka ta yafe tun ɗazu. Ke wa kike yi wa faɗa kuma?"

Na ce, "Ni da kaina."

"To ki sassauta mata, baƙuwa ce a motar nan."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ban ɗauki maganar komai ba a lokacin.

Washegari da hantsi muka shiga Legas. Ba zan ce muku komai a kanta ba, don ban ga komai ba sai bayan Iya, na riƙe gefen gyalenta kamar makauniya har muka samu ƙaramar motar da za ta kai mu iyaka. A Seme aka sauke mu, muka bi layi da takardunmu. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangarensu wata jami'a ta nuna buhuna ta yi magana da Faransanci. Na ce mata "Na'am?" da Hausa, ta sake faɗa, na sake cewa na'am. Ta zura hannu ta ciro ƙullin daddawa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an kama ni da abin da ba a shiga da shi. Ta kwance, ta kai hanci, sai fuskarta ta washe. Ta kira abokiyar aikinta suka shinshina tare suna surutu. Iya ta yi musu Yarabanci, da yake da yawansu suna ji, ta juyo ta ce, "Cewa take su ma suna da irinta, amma taku ta fi ta kakarta ƙarfi." Na gutsura mata ɗaya, ta ƙi karɓa, ta dafa ƙirji ta ɗaure mini ƙullin da kanta.

Yanzu ga amsar tambayarku. E, gaskiya ne. A Kwatano babur ne abin hawa, masu shi duk da riga ruwan ɗorawa da lamba a baya, kuma mata ware ƙafa suke yi su hau, har da tsofaffi da kwando a ka. Na ce wa Iya a nemo mana adaidaita. Ta ce, "Sai dai ki koma Fagge ki hawo." Na tattare hijabi, na yi bisimilla, na hau. Ba mu yi nisa ba takalmina ɗaya ya fice. Ina ta cewa "Tsaya, tsaya, bawan Allah," shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana ƙara wuta. Sai ga wani mai babur ya biyo mu da takalmin a hannu yana ɗaga shi sama kamar tuta. Haka na shiga unguwar Zango, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya a hannun wani.

Gidan da suke haya babban tsakar gida ne da ɗakuna a jere, rijiya a tsakiya. Mai gidan wata dattijuwa ce, Maman Sika, Kirista, ba ta jin Hausa ko ɗaya. Ita ta fara tarbarmu. Ta kawo ruwa a kofi, ta kurɓa tukuna sannan ta miƙo mini. Na ɗan tsaya, don a wurinmu ba a ba baƙo saura. Iya ta raɗa mini cewa haka suke yi, nuna maka ake ruwan lafiya lau yake. Na sha. Iya ta damƙa ni a hannun Maman Sika ta wuce masaukinta kusa da kasuwa.

Sai 'Yar Hajiya ta fito.

Ta rame, amma ba wannan na fara gani ba. Ta zo za ta durƙusa ta gaishe ni, sai na ga ta nemi bango da gwiwar hannu, ba da tafin hannu ba. Yatsunta sun kumbura a gaɓoɓi, sun yi sheƙi, ba sa lanƙwasuwa. Wuyan hannun ma haka. Wannan yarinya ce da take zare ƙaya daga ƙafar ƙannenta da allura, take yi wa duk layinmu kitso ranar jajibirin salla.

Kun san abin da na yi? Na kawar da kai na ce, "An same ku lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau, Yaya. Ya hanya?"

Na karɓi jikana Sadiku, ɗan wata bakwai, na juye masa duk abin da ke raina. "Kai ne mijin nawa? Wannan ƙaton kan fa? Ko sisi ba ka aiko mini ba, na fasa auren." Yana ta dariya yana jan hijabina. Da jika ai babu kunya.

Da na shiga ɗaki na tarar ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, da waɗannan hannuwan. Kabiru ya ce tun asuba take fama, ya ce a sayo abinci ta ƙi. Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Tunda kun tambayi abinci, bari in faɗa kafin in wuce. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, ranar farko sai da ya kankare mini dasashi. Suna da wani abu kamar agidi a naɗe a ganye, ana ci da soyayyen kifi da niƙaƙƙen tumatir da barkonon da sai da na nemi ruwa sau uku. Abarbarsu doguwa ce, cikinta fari, ban taɓa shan mai zaƙinta ba. Tsakar rana kuma gari yakan yi tsit, mutane su rufe shago su je su kwanta, babu mai ce musu ragwaye. Gaisuwarsu ma ta ba ni mamaki. In Maman Sika ta ga mutum da yamma sai ta yi masa wata tambaya da yarensu. 'Yar Hajiya ta fassara mini: wai "Kin ɗan yi kaɗan?" Ana amsawa, "E, na ɗan yi kaɗan." Mu muna cewa ya aiki, a ce da godiya. Su kaɗan ɗin ma abin gaisuwa ne. Na lura duk sanda aka yi wa 'Yar Hajiya wannan gaisuwa sai ta amsa yadda ake amsawa, sannan ta ƙara da Hausa ƙasa-ƙasa, "Me na yi? Ban yi komai ba."

Safiya ce mafi wuya a gare ta. Hannuwan sukan tashi a sandare, sai rana ta ɗaga suke ɗan saki. A rana ta uku ina shanya a bayan ɗaki, ita tana wajen rijiya tana wankin kayan yaron, bayan na ce ta bar mini ta ce ai kaɗan ne. Ba ta san ina kusa ba. Ta zo matse zani ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Sai na ji ta ce, a hankali, cikin haƙora:

"Ke ba ki da hannu ne? Kullum sai an bi bayanki. Tashi dalla, raguwa kawai."

Na tsaya da rigar yaro a hannuna. Ba maganar ce kawai ta tsayar da ni ba. Muryar ce. Yadda ta ja "ke" ɗin, da inda ta sauke numfashi, duk nawa ne. Haka nake ce mata sa'ad da ta dawo hannuna tana 'yar shekara tara bayan rasuwar Hajiya. Ni ba mai duka ba ce, kun sani, ko ɗaga murya ban iya ba. A hankali nake faɗa. Ƙannenta in sun faɗi ina ɗauka in rarrashe su, in sun yi abin kirki in yaba a gaban kowa. Ita kuwa yabo ba ya yiwuwa, a ce na rasa kunya ina rawar kai da 'yar fari. Gyara kaɗai ya halatta tsakanina da ita, don haka gyaran kaɗai ta samu. Na tuna kaina ina goge man shanu a ƙasan mota. Na gama shanyar na koma ɗaki.

Ranar Litinin muka je asibiti. Kabiru ya riƙe Sadiku a waje, ni na shiga da ita. Likitar mace ce, ba ta wuce arba'in ba, 'yar arewacin ƙasar, tana jin Hausa irin ta mutanen Nijar. Ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta duba takardar gwajin jini, ta ce, "Kina shan maganin?"

'Yar Hajiya ta ce ta daina, tana tsoron ya bi nono ya cutar da yaron.

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Na ga kamar na cika damun mutane."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce wanda ta rubuta mata an zaɓe shi ne saboda tana shayarwa, ta koma kansa yau. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Mama, bari in yi bayani ke ma ki ji. Kumburi a asalinsa ba mugun abu ba ne. In ƙaya ta soke ki wurin ya yi ja ya yi zafi, jiki ne ya tura masu gyara. A wannan ciwon masu gyaran ne suka rikice suka afka wa gaɓoɓinta. Ba laifinta ba ne, ba laifin kowa ba ne, kuma yakan taso wa wasu bayan haihuwa."

Na ce, "Ba sanyi ba ne? Mu a gida sanyi muke cewa."

Ta yi murmushi ta ce sunan ba zai ɓata mata rai ba, in dai za a sha magani. Ta ci gaba: "Amma akwai abu na biyu. In hankalin mutum ya tashi, jiki yakan shirya kamar za a ji masa rauni, ya saki abubuwan da ke tayar da kumburi a cikin jini. Ga mai lafiya abin yakan sauka. Ga mai irin wannan ciwo yana iya ƙara mata. Masu bincike sun lura mutum biyu za su shiga matsi iri ɗaya, amma wanda ya saba tausaya wa kansa, abin bai cika tashi a jikinsa kamar na wanda yake hantarar kansa ba. Ban ce yana warkarwa ba. Magani shi ne magani. Amma ba na so ina kashe wuta ta nan, ke kina hura ta ta can."

Ta dubi 'Yar Hajiya. "Kina da ƙanwa?"

"Biyu."

"Da ɗayarsu ce hannunta ya yi haka, abu ya faɗi daga hannunta, me za ki ce mata?"

"Sai in ce sannu. In ɗauke mata."

"Ke fa, me kike ce wa kanki?"

'Yar Hajiya ta ce, "Likita, in na fara jin tausayin kaina kwanciya zan yi, ba zan ƙara tashi ba. Faɗan ne yake tayar da ni."

"Wata bakwai kina faɗan. Hannun ya saki?"

Muka fito. A hanya Sadiku yana ta gwarancinsa.

Washegari bayan sallar asuba na ɗora ruwa. Likitar ta ce ɗumi yana taimakon sandarewar safe. Na juye a roba, na surka, na gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri. Maman Sika ta ba ni man kaɗanya da ta ga abin da nake yi, ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba. Na shiga ɗaki, Kabiru ya fita masallaci bai dawo ba, yaron yana barci. Tana zaune a bakin katifa tana ƙoƙarin ɗaura ɗankwali da bayan hannu.

Na ajiye robar na zauna a ƙasa a gabanta. Ta zabura za ta sauko, don ba ta taɓa zama sama da ni ba. Na ce ta zauna. Na kama hannuwan na sa a ruwan. Da zafi suke kamar na mai zazzaɓi. Na yi lissafi a raina, rabon da in riƙe hannunta haka tun ranar da Hajiya ta zo ta goya ta ta tafi da ita.

Na buɗe baki sau biyu abin ya ƙi fita. A na uku na ce, "Halima."

Ta waiwaya bayanta, wallahi, ta duba ƙofa. Sannan ta dube ni. "Yaya, wa kike kira?"

"Akwai wata Halimar a ɗakin nan?"

Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na sunkuyar da kai ina murza yatsun a cikin ruwa, don in na dube ta ba zan iya ba. Na ce, "Sannu, Halima. Sannu da ciwo. Kin yi ƙoƙari. Tun kina ƙarama ke mai ƙoƙari ce, ina gani, ban dai faɗa ba."

Ta ce, "Na zaci ban taɓa yin abin da ya gamshe ki ba."

"Kunya ce. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi. Ranar da Hajiya ta tafi da ke, a banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito ana ta yaba mini kara."

Hawayenta suna ɗiga a cikin robar. Ba ta iya sharewa ba, hannuwan suna wurina, sai na share mata da gefen zanina. Muka zauna har ruwan ya huce. Na shafa mata man, na ɗaura mata ɗankwalin. Da Kabiru ya dawo ya gan mu haka, sai ya yi gyaran murya ya ce ya manta bai sayo burodi ba, alhali ga shi a hammatarsa.

Kada ku ce daga ranar ta warke. Ba haka aka yi ba. Ta koma kan magani, kullum da safe muna yin ruwan ɗumi, ni na karɓi wanki da girki. Zaman da babu aiki ya fi ciwon yi mata wuya. Bakin kuma ya riga ya saba. Sai ta fara, "Ke dai ba ki da..." sai ta tsaya ta dube ni, in ce, "Ƙarasa mana, ina ji." Sai ta ce, "Sannu, Halima," da murya kamar mai karanta allon wani, mu yi ta dariya. Ta ce ji take kamar munafunci. Na ce ni ma da na fara rubuta sunana a aji ji na yi kamar na wani ne.

A mako na biyu Sadiku ya yi zazzaɓin haƙori kwana biyu, hankalinta ya tashi, ta ce ita ce ba ta kula da shi yadda ya kamata ba. Kwana na uku hannuwan suka tashi fiye da yadda na same su. Ko tashin hankalin ne, ko rashin barci, ko ciwon ne ya ga dama, ban sani ba, ni ba likita ba ce. Abin da na gani shi ne a wannan karon ba ta tafi rijiya ba. Ta ce, "Yaya, yau ba zan iya ba. Ki goya mini shi." Ta kwanta da rana kamar mutanen garin. Da yamma Maman Sika ta yi mata gaisuwar nan, ta amsa, ba ta ƙara komai a kai ba.

Kabiru ya kai mu bakin teku wata Lahadi, don kada in koma Kano a ce ban gani ba. Ruwa ne ba iyaka, yana ta zuwa yana komawa da ƙara. Na tsaya nesa, amma duk da haka ya biyo ni ya jiƙa mini zani har gwiwa. Na ɗanɗana, gishiri ne zalla. Abin da na fi tunawa a wurin shi ne Halima ta sayi gyaɗa a kwalba, yadda suke sayarwa a can, ta buɗe murfin da kanta. A hankali, tana cije leɓe, amma ta buɗe. Kabiru ya miƙa hannu zai taimaka na harare shi, karo na farko da na taɓa hararar suruki.

Kwana ashirin da uku na yi. Kafin in taho an yi magana da Maman Sika, wata 'yar ɗan'uwanta za ta riƙa zuwa wanki, kuma Halima ce da bakinta ta nema. Likita ta ce kumburin ya ɗan sauka, amma ciwo ne na zama da shi, wata rana sauƙi wata rana akasin haka, kada ta bar magani ko ta ji garau.

Ranar tafiya da safe suka raka ni tasha, inda Iya Rashida take jira da dilolin kayanta. Halima ce ta goyo Sadiku, ita ta ɗaura zanin, ni na ja mata majanyi kawai. Ana loda kaya na ja ta gefe. Wata magana ce ta kwana biyu tana cina. Na ce, "Ki yafe mini. Duk wannan abin da kike yi wa kanki a bakina kika ɗauka. Da na zama uwar kirki da ba haka ba. Ni ce na..."

Ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, shekararki nawa kika haife ni?"

Na ce, "Sha tara."

Ta yi lissafi a ranta. "To na girme ta da shekara tara yanzu. Yarinya ce, an karɓe mata 'ya, an ce kada ta yi kuka." Ta ɗora hannunta a kan nawa, da ɗuminsa da kumburinsa. "Na yafe mata tuntuni. Ke ma ki ƙyale ta haka. Ba zan tsaya ana zaginta a gabana ba."

Iya Rashida ta leƙo ta tagar mota tana kira, "Maman Sani, za ki Kano ko kin samu miji a nan?"

Na ce wa Halima to. Na shiga mota na zauna, na ja gefen hijabi ina share hawaye, kuma a wannan karon ban nemi wurin ɓuya ba.